Darasin Lissafi: Neman Lambar da Ke Biye a Jeri

Yara, ku ɗauko allunanku, ku rubuta waɗannan lambobi:

5, 10, 15, 20, ...

Wace lamba ce ke biye? Ko ƙanenku da bai shiga makaranta ba zai ce 25, in dai ana aikensa kasuwa. Dala ɗaya tamma 5 ce, dala biyu tamma 10, dala uku tamma 15, dala huɗu tamma 20, dala biyar tamma 25. Kowa ya iya wannan tun a gida.

Lambobin da aka jera bi da bi, kowace a matsayinta, ta fari, ta biyu, ta uku, su ake kira jeri. Da Faransanci ana ce masa suite. Ɗigo ukun nan na ƙarshe suna nufin jerin bai ƙare ba. Abin da ke kai mu daga lamba ɗaya zuwa ta gabanta kuwa shi ne ƙa'idar jeri. A jerin dala ƙa'idar ita ce: a ƙara 5.

Aikinmu a wannan darasi ba canki-canki ba ne. Wanda ya faɗi lamba, sai ya faɗi ƙa'idar da ta ba shi ita, ya kuma nuna cewa ƙa'idar ta zauna daidai a kan kowace lamba tun daga ta fari.

Tazara ɗaya tun daga farko

Abu na fari da za ku yi in kun ga jeri shi ne auna tazara. Ku ɗebe kowace lamba daga wadda ke gabanta, ku rubuta abin da ya rage a ƙarƙashi. Ga misali:

4, 7, 10, 13, ...

Daga 4 zuwa 7 akwai 3. Daga 7 zuwa 10 akwai 3. Daga 10 zuwa 13 ma 3. Tazarar ba ta sake ba, saboda haka ta biyar ita ce 13 + 3 = 16.

To, in aka ce ku faɗi ta ashirin fa? Kuna iya tafiya taki-taki har ku kai, amma akwai gajeriyar hanya. Daga ta fari zuwa ta biyu taki ɗaya ne. Zuwa ta uku taki biyu. Zuwa ta ashirin taki goma sha tara ke nan. Kowane taki 3 ne: 19 × 3 = 57. A ƙara 4 ɗin da muka fara da ita, 61.

Ku lura da wannan goma sha tara, don a nan ƴan makaranta da yawa ke tuntuɓe. Ranar 3 ga watan Agusta, ranar da ƙasarmu ta sami mulkin kai a 1960, ita ce kuma ranar dashen itatuwa. A ce ajinku zai dasa dogon yaro guda 10 a bakin filin makaranta, taki shida-shida tsakani. Na fari yana bakin kusurwa. Na biyu yana taki 6 daga kusurwa, na uku taki 12, na huɗu taki 18. Na goma yana taki nawa? Mai gaggawa zai ce 60. Amma itatuwa goma tsakani tara gare su, 9 × 6 = 54. Ku ɗaga hannu ku duba: yatsu biyar, tsakani huɗu.

Jeri yana iya raguwa. Wannan shi ne wanda ya fi damun maigida. A ce bayan kaka an cika rumbu da dami 90 na hatsi, gidan kuma yana cin dami 3 kowane mako. Abin da ke rage cikin rumbu mako bayan mako shi ne:

90, 87, 84, 81, ...

Lamba ta gaba 78 ce, wannan ba wuya. Tambayar da ta fi amfani ita ce: yaushe jerin zai kai sifiri? A raba 90 gida 3, mako 30 ke nan. Shekara kuwa mako 52 ce. Saura mako 22 kafin sabon hatsi, kuma su ne makonnin noma, lokacin da jiki ya fi son abinci. Ana bukatar ƙarin dami 66. Maigidan da ya yi wannan lissafi tun da kaka, hatsi na araha, yana da lokacin shiri: ya sayi ƙari, ko ya rage sayarwa, ko ya yi noman rani a fadama. Wanda bai yi ba, sai ya leƙa rumbu da bazara ya ga ƙasa.

Kasuwar Maradi

Kasuwar ƙauye kwana bakwai-bakwai take ci. In ta ci ran 3 ga wata, za ta ci ran 10, da 17, da 24. Babbar kasuwar Maradi kuwa an san ta da ranaku biyu, Litinin da Juma'a. A ce Litinin ta kama 2 ga wata. Ranakun kasuwa su ne:

2, 6, 9, 13, 16, 20, ...

Ku auna tazara: 4, 3, 4, 3, 4. Tazara biyu ce ke karɓa-karɓa, don daga Litinin zuwa Juma'a kwana huɗu ne, daga Juma'a zuwa Litinin kwana uku. Bayan 20 sai 23, sai 27, sai 30. Wanda ya duba lambobi biyu na fari kaɗai, ya ce ƙa'idar "a ƙara 4" ce, zai hau mota daga Gidan Sori ran 10 ga wata, ya iske Talata.

Bayan 30 fa? Ƙa'ida ta ce 34, amma babu 34 ga wata. In watan mai kwana 31 ne, Juma'a za ta kama 3 ga sabon wata. In mai kwana 30 ne, 4 ga wata. Lambobin ba za su gaya muku ba, sai kun duba wane wata ake ciki.

Tazarar da ke girma

Ku je wurin mai sayar da lemu ko mai tumatir, ku ga yadda yake kasa kaya. Bari mu jera tsakuwa kamar haka: ɗaya a sama, biyu ƙarƙashinta, uku ƙarƙashin biyu, haka nan. Ku ƙidaya tsakuwar duka bayan kowane layi:

1, 3, 6, 10, 15, ...

Tazara: 2, 3, 4, 5. Ba ɗaya ba ce, amma ita kanta tazarar jeri ce, tana ƙaruwa da ɗaya-ɗaya. Tazara ta gaba 6 ce, lamba ta gaba kuwa 21. Wannan dabara ku riƙe ta da kyau: in tazara ba ta tsaya wuri ɗaya ba, sai a auna tazarar tazara.

Layi ɗari zai ci tsakuwa nawa? Sai an tara 1 + 2 + 3 har zuwa 100. Ana ba da labarin wani yaro a Jamus, Gauss, wanda aka haifa a 1777, ya kuma zama babban masanin lissafi. An ce malaminsu ya ba su wannan aiki, shi kuwa ya gama kafin sauran su yi nisa. Ga dabarar: 1 da 100 sun yi 101. 2 da 99 sun yi 101. 3 da 98 ma 101. Lambobi ɗari, in an haɗa su biyu-biyu, ɗauri 50 ne. 50 × 101 = 5.050. Za mu sake bukatar wannan dabara nan gaba kaɗan.

Kakanninku sun noma gyaɗa sosai. A shekarun 1960 gyaɗa ita ce babban abin da Nijar ke fitarwa waje, ƙasar Maradi kuwa tana cikin manyan wuraren nomanta, kafin farin shekarun 1970 ya karya ta. A Kano, a wancan zamani, ana tara buhunan gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa, tari mai faɗin gindi mai tsinin kai, wanda ake kira dalar gyaɗa. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne attajirin da aka fi tunawa da wannan ciniki. Yanzu babu dalar, sai a hoto. (Kada ku haɗa ta da dalar kuɗi. Rubutu ɗaya ne, abu daban.)

Mu gina tamu ƙarama da tubali ko ƙwallon goriba. Hawa na sama, guda 1. Na ƙarƙashinsa biyu sau biyu, 4. Na uku, uku sau uku, 9. Na huɗu 16.

1, 4, 9, 16, ...

Akwai hanya biyu ta samun ta biyar. Ta tazara: 3, 5, 7, sai 9, wato 16 + 9 = 25. Ta matsayi: lamba ta biyar ita ce 5 × 5 = 25. Hanyoyi biyu sun kai mu gida ɗaya, hankali ya kwanta. Ni na fi son ta biyun, don da ita kuna iya faɗin hawa na talatin nan take, 30 × 30 = 900, ba sai kun bi ta kan ashirin da tara ba.

In an tara hawa-hawa kuma, wani jeri ne ke fitowa: 1, 5, 14, 30, 55. Dala mai hawa 35 da aka gina ta wannan tsari za ta ci guda 14.910. Ana cewa dalar Kano ɗaya takan ci buhu wajen 15.000. Buhu ba tubali ba ne, ƴan dako suna da nasu tsarin jerawa, amma kun ga girman abin.

Ninki

Wani jerin ba ya tafiya da ƙari, da ninki yake tafiya:

1, 2, 4, 8, 16, ...

Kowace lamba ninkin ta bayanta ce. Farkonsa kamar wasa, shi ya sa yake ruɗin mutane.

Kun san dara, wadda dattawa ke yi a gindin itace. Galibi gurbi 30 gare ta, layi biyar na shida-shida. A ce mutum biyu za su zuba ƙwayar hatsi a gurabun. Na fari ya sa 100 a gurbi na ɗaya, 200 a na biyu, 300 a na uku. Na biyu ya sa ƙwaya 1, sai 2, sai 4, sai 8. A gurbi na biyar na fari yana da 500, na biyu 16 kacal. A gurbi na goma sha ɗaya, 1.100 da 1.024, sun kusa. A na goma sha biyu, 1.200 da 2.048, mai ninki ya wuce. A gurbi na talatin na fari zai sa ƙwaya 3.000, abin da bai cika kwano ba. Na biyu kuwa sai ya nemo ƙwaya 536.870.912. Amalanke ɗaya ba ta ɗaukar wannan hatsi.

Wannan ba labarin dara kaɗai ba ne. Akwai irin bashin da ake ci da damina, a karɓi buhu ɗaya a biya biyu da kaka. In kaka ba ta yi kyau ba aka ɗaga, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. Shekara huɗu, buhu ɗaya ya koma goma sha shida. Gona kuwa ba ta ninka amfaninta kowace shekara. Ta haka ne gona ke fita hannun mai ita.

Yadda za ku gane jerin ninki: ku raba kowace lamba da ta bayanta. In amsa ɗaya ke fitowa kullum, ninki ne. A 3, 9, 27, 81 amsar 3 ce, ta gaba 243.

Jerin da ke waiwaye

Ga wani da tazara ba ta saurin tona asirinsa:

1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, ...

Ku ɗan tsaya a kansa kafin ku ci gaba da karatu. Tazararsa 0, 1, 1, 2, 3, 5, wato jerin ne da kansa ya sake dawowa. Ƙa'idar ita ce: a tara lambobi biyu na baya. 1 + 1 = 2, 1 + 2 = 3, 2 + 3 = 5, 5 + 8 = 13. Ta gaba 8 + 13 = 21.

Ana kiransa jerin Fibonacci, laƙabin wani mutumin birnin Pisa a Italiya mai suna Leonardo. Yana yaro ya zauna da ubansa a Bijaya, garin bakin teku a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, maƙwabciyarmu ta arewa. A can ya koyi lissafi da lambobin Indiya da Larabawa ke aiki da su, irin waɗannan da kuke rubutawa a allo. A 1202 ya rubuta littafin da ya taimaka wajen yaɗa su a Turai. Cikin littafin ya kawo tambaya a kan zomaye masu haihuwa kowane wata, amsarta ta bi wannan jeri. Masanan Indiya sun riga shi sanin jerin da daɗewa. Zomayen Leonardo kuwa na takarda ne, ba sa mutuwa, kare ba ya kama su.

Malamin Katsina da hatimi

Ba sai mun je Turai ba kafin mu sami masanin lambobi. Daga Maradi zuwa Katsina bai kai kilomita ɗari ba, Katsinawa ne ma suka kafa sarautar Maradi bayan jihadi. A Katsina aka yi wani malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lambobi, musamman mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da irinsu. Masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Ku zana wannan a allo:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Lambobi daga 1 zuwa 9 ne, kowace sau ɗaya. Ku tara kowane layi a kwance: 15. A tsaye: 15. Daga kusurwa zuwa kusurwa: 15. Hatimi mai gida huɗu-huɗu, da lambobi 1 zuwa 16, kowane layinsa 34 ne. Mai biyar-biyar 65. Mai shida-shida 111. Mai bakwai-bakwai 175.

15, 34, 65, 111, 175, ...

Mai takwas-takwas fa? Wannan ya fi na baya tauri, amma kayan aikinmu sun isa. Tazara: 19, 31, 46, 64. Ba ta tsaya ba. Tazarar tazara: 12, 15, 18. Yauwa, ga uku-uku ta fito. Bayan 18 sai 21. Yanzu mu hau sama: 64 + 21 = 85, sannan 175 + 85 = 260.

Kada mu tsaya nan. Tazara ta ce 260, amma hatimin kansa me ya ce? Mai takwas-takwas gida 64 gare shi, da lambobi 1 zuwa 64. Mu tara su da dabarar Gauss: ɗauri 32, kowane 65, 32 × 65 = 2.080. Layi takwas ne za su raba wannan daidai wa daida: 2.080 a raba gida 8, 260. Shaida biyu sun yi daidai. Ku gwada a kan ƙaramin: 1 zuwa 9 sun tara 45, a raba gida 3, 15.

Ku lura da bambancin hanyoyin nan biyu. Ta fari ta dubi lambobi kaɗai ta ce, "Da alama haka za su ci gaba." Ta biyu ta dubi abin da ke haifar da lambobin ta ce, "Dole haka ne, ga dalili." Ta biyun ita ce mai ƙarfi. Yanzu za ku ga abin da ya sa.

In jeri ya yi yaudara

Ku rubuta 1, 2, 4. Wace ce ta huɗu? Wani zai ce 8, don ninki ne. Wata za ta ce 7, don tazara 1 ce, sai 2, sai 3. Wa ya yi daidai? Dukansu. Kowace ƙa'ida ta zauna a kan lambobi ukun da aka bayar. Lambobi uku ba su isa su raba gardama ba. Saboda haka in kun ba da amsa, ku rubuta ƙa'idarku kusa da ita. A wurina, yaron da ya rubuta 7 da dalilinsa ya fi wanda ya rubuta 8 don ya ji maƙwabcinsa ya faɗa.

To, lambobi biyar fa, sun isa? Ku fita fili, ku zana babbar da'ira a ƙasa. Ku sa tsakuwa biyu a bakinta, ku ja layi tsakaninsu: da'ira ta rabu gida 2. Ku sa ta uku, ku haɗa kowace tsakuwa da sauran: gida 4. Tsakuwa huɗu, gida 8. Tsakuwa biyar, gida 16. Da tsakuwa ɗaya kuwa babu layi, gida 1 ne.

1, 2, 4, 8, 16, ...

Kowa zai rantse ta gaba 32 ce. Ku sa tsakuwa ta shida, ku ja layukan duka, ku ƙidaya a hankali, kuna sa ƙwayar wake a kowane gida don kada ku maimaita. Za ku sami 31. In layi uku suka haɗu a wuri ɗaya a tsakiya, 30 za ku samu. Ko ta yaya kuka sa tsakuwar, 32 ba ta fitowa. Jerin ya yi kama da ninki har sau biyar, ashe ƙa'idarsa daban ce.

Kalanda ma tana da irin wannan tarko. Watan Fabrairu yana samun kwana 29 shekara huɗu-huɗu: 2016, 2020, 2024, ta gaba 2028. Amma ku dubi wannan: 1888, 1892, 1896, sai 1904. An tsallake 1900. Dalili shi ne shekarar rana ba ta cika kwana 365 da rubu'i cif ba, ta gaza kaɗan. In aka yi ta ƙara kwana kowace shekara huɗu, ƙarin zai yi yawa. Shi ya sa tun gyaran kalanda na 1582 aka ce shekarar da ta cika ɗari ba ta samun ƙarin kwana sai in tana rabuwa da 400. Shekarar 2000 ta samu. Shekarar 2100 ba za ta samu ba: bayan 2096 sai 2104. Jikokinku za su gani.

Kalandar Musulunci wata hanya take bi. Shekararta kwana 354 ce ko 355, saboda haka azumi da salla suna matsowa baya da kwana goma sha ɗaya, ko kusa da haka, kowace shekara. Lissafi zai gaya muku makon da za a sa ido, amma ranar kanta sai an ga wata.

Akwai kuma jerin da ba shi da ƙa'idar lissafi ko kaɗan. Ku dubi ƙarfen kuɗin da ke hannun mutane: dala 1, dala 2, dala 5, dala 10, dala 20. Kada ku wahalar da kanku da tazara a nan. Bankin da ke buga kuɗin ne ya zaɓi waɗannan don canji ya yi sauƙi. Haka ruwan sama: in bana an sami kwana ashirin na ruwa a Agusta, bara goma sha takwas, bara waccan goma sha shida, ba wanda zai ce baɗi ashirin da biyu ne.

Saboda haka in an ba ku jeri, ku auna tazara tukuna. In ba ta tsaya ba ku auna tazarar tazara, ku gwada ninki, ku gwada tara na baya. In kun sami ƙa'ida ku bi da ita ta kan kowace lamba. Sannan ku tambaya: lambobin nan na mene ne? Dami ne, ko kwanaki, ko tubali? In abin yana kusa, ku je ku ƙidaya.

Aiki a aji

1. Ku rubuta lambobi biyu da ke biye, da ƙa'idar kowane jeri:
 a) 7, 14, 21, 28, ...
 b) 100, 91, 82, 73, ...
 c) 3, 6, 12, 24, ...
 d) 2, 5, 10, 17, 26, ...
 e) 2, 2, 4, 6, 10, 16, ...

2. A jerin 6, 11, 16, 21, ... wace ce lamba ta talatin? Kada ku bi taki-taki.

3. Wata yarinya tana tallan ƙosai. Ran fari ta ajiye dala 2 a asusu, kowace rana kuma tana ƙara dala 1 a kan abin da ta ajiye jiya. Dala nawa za ta ajiye ran kwana na goma? Dala nawa ke cikin asusu gaba ɗaya a ranar? Tamma nawa ke nan?

4. Ku nemo ƙa'ida biyu daban da suka zauna a kan 2, 4, 8. Kowace ta ba da tata lamba ta huɗu.

5. Ku nemo jimlar layin hatimi mai gida tara-tara ta hanya biyu: ta tazara, da ta tara lambobi 1 zuwa 81.

Aikin gida

Ku tambayi babanku ko kawunku, cikin ladabi, dami nawa ake fitarwa daga rumbu kowane mako a gidanku. Ku lissafa dami nawa gidan ke bukata daga wannan kaka zuwa ta baɗi. Ba sai kun faɗi abin da ke cikin rumbu a aji ba, wannan sirrin gida ne. Ku nuna wa maigida lissafin.

Gobe kowane rukuni ya zo da tsakuwa shida da wake cikin tafin hannu, za mu zana da'irar a filin makaranta.